Kafin Ka Kama Gidan Ƙetaren Rafi

Zuwa ga ɗana Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya tsare mu har muka ga wannan shekara. Ina roƙonsa ya kiyaye fitarka da shigarka a Kafanchan, ya ba ka farin jini a wurin aiki, ya raba ka da sharrin hanya. Matarka Kasham da yara suna nan lafiya. Labarin gida ba zan ba ka ba, kana jin sa a waya kullum. Ni dai ga ni nan, gwiwa ta gaji, ido ya gaji. Baki ne kaɗai nake taƙama da shi, shi ma ranar Lahadi ya ci amanata, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna ka kira ni bayan sujada kana ta murna. Ka ce ka samu gidan da za ka kwashe iyalinka daga nan ƙauye ka kai su: ciki uku da falo, ga fili a baya da za a iya nomawa, na ɗan wani dattijon ikilisiyarmu ne, kuma kuɗin hayar bai kai na cikin gari ba ko kusa. Ka ce ƙarshen wata za ka biya. Wayar tana kan babbar murya, yayarka Rifkatu kuma tana zaune a bakin ƙofa tana tsince tsakuwa a acca. Da ka ce gidan yana can bayan gari, an ɗan gangara an hau, sai ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, “Baba, ka tambaye shi, akwai gada?”

Ka yi dariya ka ce, “Wane gada kuma, Yaya? Ɗan kwari ne kawai, ko ruwa babu. Da takalmin ofis na wuce.”

Ni kuma na ce maka Allah ya sa albarka, na kashe waya. Wannan amsar ragon uba ce, na kuma san haka tun kafin in ajiye wayar. Kwana huɗu ke nan ina juya tambayar yayarka a raina. Na gaji da ɗaukar abin da zan faɗa maka, na fi shekara talatin ina ɗauke da shi, yau zan sauke.

Sau bakwai na ɗora kayan gidanmu a bayan mota lokacin da nake aikin malamin gona. Kauru, Jere, Kafanchan, da wasu ƙauyukan da kai ba ka ma san mun zauna ba. A ce mutumin da ya yi ƙaura sau bakwai ya iya zaɓen gida, amma ni kusan kowane lokaci da idon aljihu nake dubawa, sai mun shiga sannan sauran idanun su buɗe.

A Jere, kafin a haife ka, na kama mana ɗaki biyu a bakin babban titi. Ya yi araha, ban tambayi dalili ba. Na ce ma ai riba biyu, marigayiya mamarku za ta riƙa dafa gyaɗa tana sayar wa matafiya daga ƙofar gida. Haka aka yi. Amma duk yaran layin nan, ƙarfe goma na safe ranar makaranta, suna bin motoci da faranti a ka, kuma Rifkatu ta iya kiran “ga gyaɗa” kafin ta iya rubuta sunanta. Ba mugayen mutane ba ne, titi ne gonarsu, shi suke ci. Wata rana da azahar wata babbar mota ta kauce wa rami ta kwashe akuyarmu a ƙofar gida. Igiyar akuyar tana hannun Rifkatu, ba ta fi ƙiftawar ido da sakinta ba. Direban ya biya akuya ya wuce. Mamarku ta yi mako ba ta yi mini magana ba sai ta hanyar yarinya.

To ga abin da na koya a Jere. Kada ka duba gida ranar Asabar da yamma, lokacin da dillali yake so. Ka je ranar Talata, ƙarfe bakwai na safe, ka tsaya a ƙofar gidan, ka taka da ƙafa har ƙofar makarantar. Kada ka yi tafiyarka ta babba, ka yi irin ta Didam ɗanka mai shekara biyar, wanda yake tsayawa kallon kowane ƙadangare. Ka ƙirga titin da za a tsallaka. Sannan ka dawo ƙarfe goma ka ga yaran unguwar: suna aji, ko suna yawo? Abin da ka ga yaran maƙwabta suna yi, shi naka za su yi kafin shekara ta zagayo.

Da aka mayar da ni Kafanchan, sau ɗaya ɗin nan na yi dace, kuma ba wayona ba ne. Wani abokin aiki ne zai tashi ya bar mini ɗakunansa biyu a cikin gari. Gidan haya ne na mutane da yawa, banɗaki ɗaya, layi da safe. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani tela, Malam Garba, Bahaushe Musulmi wanda kakanninsa ma a kasuwar garin suka tsufa. Kai ba za ka tuna shi sosai ba. Shi ya ɗinka wa Rifkatu kayan makaranta, ya ninka leɓen siket ɗin har sau uku, ya ce duk shekara a kawo ya sake ninki ɗaya, kada in sayi sabon yadi. ’Yarsa Hajara sa’ar Rifkatu ce, benci ɗaya suke zama.

Makarantar ta gwamnati ce, tafiyar minti goma. Ba fenti, wasu tagogin ma babu marfi. Amma malaman tsofaffin hannu ne, kowace ranar Juma’a littafin yarinya yakan dawo gida jajir da jan biro. Habila, ka saurara da kyau, domin wannan ba ka taɓa ji daga bakina ba: a makarantar nan Rifkatu ba ta taɓa wuce ta biyu a aji ba. Hajara a wurinta take kwafar lissafi. Malam Garba yakan tsokane ni ta kan katanga ya ce, “Malam Ayuba, ka ba ni aron kan ’yarka ranar jarrabawa, in ba ka aron keken ɗinki.”

Shekara huɗu muka yi a nan, sai na tashe mu. Dalili uku na ba mamarku. Na ce mai gida ya ƙara kuɗin haya, gaskiya ne, amma ƙarin bai kai a tashi ba. Na ce gari ya yi zafi da rikici a shekarar, kowa yana cewa a koma cikin ’yan’uwa, wannan ma gaskiya ne, tsoron kuwa na gaske ne, ba zan raina shi ba. Na ukun shi ne ainihin, shi ne kuma na faɗa a ƙarshe da ƙaramar murya: citta ta yi kuɗi, ina son fili. Wani dattijon ikilisiya ɗan ƙauyenmu yana da gida a ƙetaren wani rafi a bayan gari, ciki uku, ga fili a baya. Ka ji ko ya yi maka kama da wani gida.

A watan Fabrairu muka je dubawa. Rafin yashi ne zalla, awaki suna kwance a ciki. Da takalmin ofis na wuce, ko ƙura kirki bai ɗauka ba. Mamarku ta tsaya a tsakiyar yashin ta ce, “Baban Rifkatu, in damina ya zo, wannan ruwa ina ne yana bi?”

Na ce mata ɗan kwari ne kawai.

Ƙarya na yi mata, kuma ba ƙaryar jahili ba. Ni malamin gona ne, aikina ke nan in nuna wa manoma inda ruwa yake kwanciya. Na ɗaga kai na ga rassan itatuwan bakin rafin, na ga busasshiyar ciyawa da tsummoki da leda sun maƙale a sama da kafaɗata. Duk wanda ya san ƙasa ya san wane ne ya rataye su a wurin. Na gani, na sunkuyar da kai, na ci gaba da zancen buhun citta nawa filin zai bayar. Don haka idan ka koma wurin nan naka, kada ka dubi ƙasa, ka dubi sama. Inda shara ta maƙale a reshe, nan ruwa yake kaiwa a watan Agusta. Rafi ba ya ɓoye halinsa, mai haya ne yake kawar da kai.

Mun shiga gidan Rifkatu tana da shekara goma sha ɗaya, aji huɗu, kai kuma shida, ka fara aji ɗaya. Ba makarantar kirki a ƙetaren, sai na bar ku a ta cikin gari. Rani ya wuce lafiya. Da ruwa ya zauna, sai rafin ya nuna mana ko shi wane ne. Mutanen unguwa sukan shimfiɗa gungumen giginya biyu, ruwa ya kwashe, a sake sawa, ya sake kwashewa. Idan an yi ruwa da asuba, sai a jira ya ja baya zuwa ƙugu sannan a shiga.

Ga yadda yayarka take yi, tunda kai abin da ka riƙe daban ne. Takan cire kayan makarantarta da naka, ta haɗa da littattafai a leda, ta ɗora a ka ta haye, ta ajiye a gindin wani mangwaro. Ta dawo, ta goya ka, ta sake hayewa. Sau uku ke nan a cikin ruwa kafin ƙarfe takwas. Ta shirya ka, ta shirya kanta a bayan mangwaron, ku kama hanya. Kafin ku isa an gama taron safe an rufe ƙofa. Kai ƙarami ne, akan ce ka wuce aji. Ita kuwa akan sa ta durƙusa, sannan a miƙa mata langalanga ta yi yankan ciyawa, lissafi kuma shi ne darasin farko. Damina biyu ’yata tana yankan ciyawa a bayan tagar ajinta tana jin ana koyar da abin da ta fi kowa iyawa.

Ni ina ina? Ina da babur na wurin aiki. Da na ga ruwa zai lalata mini shi, sai na je wurin Malam Garba na roƙe shi in riƙa ajiye shi a zaurensa har damina ta wuce. Nakan naɗe wando in haye da sassafe kafin ku tashi, in ɗauki babur busasshe in tafi ƙauyuka koya wa mutane dabarar zama da ruwa.

Wata safiya na zo ɗauka, Malam Garba yana kan kekensa. Bai daina ɗinki ba ya ce, “Malam Ayuba, babur dai ya samu masauki a wannan ƙetaren. Yarinyar fa?”

Ya ce jiya ya gan ta ta wuce da jiƙaƙƙen gashi tana jan ka da gudu. Ya ce ya yi magana da uwar Hajara, in na yarda Rifkatu ta zauna a wurinsu daga Litinin zuwa Juma’a har ruwa ya ɗauke, ɗaki ɗaya da Hajara, kai ma in ina so a haɗa. Ya ce, “Ranar Lahadi tana wurinku ta je majami’arta. Ba wanda zai ce mata ta yi salla. Abincinmu kuwa ta san shi tun tana ƙarama.”

Na yi masa godiya mai tsawo, irin wadda ake yi idan za a ƙi abu. A raina ba Rifkatu nake gani ba, bencin dattawa nake gani ranar Lahadi, da abin da za a ce: Ayuba ya kai ’yarsa gidan Musulmi. Mai gidan da nake haya shi ne na farko a bencin. Na amince wa mutumin nan da babur ɗin gwamnati, wanda in ya ɓata za a kore ni daga aiki, amma na ji kunyar amince masa da yarinyar da ta girma a tsakar gidansa. Ban ma gaya wa mamarku ya yi tayin ba. Ta rasu ba ta sani ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidana ba haka aka yi ba, ni na ja, Rifkatu ya doka.

Da sakamakonta ya fara zamewa, sai na yi abin da na ɗauka gyara ne. Na cire ku na mayar da ku wata ’yar makaranta a ƙetarenmu, ba rafi tsakani. A watan Satumba na je na duba ta, aji cike, yara suna waƙa, na ce madalla. Ban koma a watan Nuwamba ba. Ka san ƙasarmu: da an fara haƙar citta, kowane hannu yana da aiki, a haƙa, a tsaga da wuƙa, a shanya. Malaman makarantar su ma suna da gonakinsu. Ƙarfe goma ake tashi, wani lokacin ma da manyan yaran ake tafiya gonar malam. Ba wanda ya ga laifi, domin iyayen ma sun riga sun janye nasu.

Ni ma na janye tawa. Cittata ta yi kyau a shekarar, hannu ya yi kaɗan, na ce Rifkatu ta zauna mako biyu kawai, tunda makarantar ma ba a komai. Mako biyu ya zama har Kirsimeti. Hannunta ya yi ta raɗaɗi da yajin citta har ba ta iya riƙe fensir da kyau. A shekarar ta zauna jarrabawar shiga sakandare, ba ta ci ba. Hajara ta ci.

Wani baƙo ya zo gidan ya tambayi yaya yarinya ta yi. Tana nan tsaye da kwanon ruwan da ta kawo masa. Na ce, “Ai Rifkatu ba ta da kan boko, hannu gare ta.” Na faɗa don in rufe bakin baƙo, sai maganar ta zauna. Dangi suka ɗauka, kai ma ka tashi da ita, na sha jin ka faɗa cikin wasa. Ita ba ta taɓa musawa ba. Ta miƙa ruwan ta koma ciki.

Don haka, makaranta kada ka auna ta a watan Satumba. Ka auna ta lokacin citta. Yanzu lokacin ya wuce, amma kana iya tambaya, kuma ba shugaban makarantar za ka tambaya ba, matar da take soya ƙosai a bakin ƙofa za ka tambaya: a watan Nuwamba ƙarfe nawa ake tashi? Ita ta sani, da tashin yara cinikinta yake tafiya. Ka tare wani yaro ɗan aji huɗu ka ce ya nuna maka littafinsa, ka duba yaushe rabon jan biro da shi. Ka tambayi malamai shekara nawa suka yi a wurin. Ka leƙa banɗakin ’yan mata, domin ’yarka Zigwai ba za ta daɗe tana shekara tara ba.

Kada kuma fenti ya ruɗe ka, ni ya ruɗe ni. Bayan abin da ya faru, mamarku ta ɗaure kayanta ta ce, “Ko ɗaki ɗaya ne, a cikin gari. In ba haka ba ni da yara muna tafiya, kai ka zauna da citta naka.” Muka koma. Ni kuma don in wanke raina sai na kai ka wata makarantar kuɗi mai sunan Turanci dogo, har da ɗan laƙataye a wuya kamar lauya. Malami huɗu ka yi a shekara ɗaya, kowanne yana jiran aiki mai kyau ya gudu. Ka dawo gida ka iya gaisuwa da Turanci mai daɗi, bakwai sau takwas kuwa sai ka kalli rufin ɗaki. Na mayar da kai tsohuwar makarantar marar fenti, a nan ka zama mutum. Yanzu irin waɗancan makarantun sun cika kowane lungu, wasu na kirki ne ƙwarai, wasu kuwa allon bakin titi ya fi abin da ke ciki.

Game da araha, na san albashinka, ban ce ka kama abin da ya fi ƙarfinka ba. Amma araha ba ta ado, kuma gida mai araha yakan karɓi cikonsa ta wata ƙofa. Kuɗin mashin na yara biyu safe da rana, wanda yake tashi da zarar hadari ya haɗu. Ruwan sha idan rijiya ta ƙafe, don haka ka leƙa rijiyar, ka tambayi maƙwabta yadda take a watan Afrilu. Nisan asibiti ranar da zazzaɓi ya kama yaro. Sana’ar Kasham, wa zai sayi ɗinkinta a bayan gari? Filin noma kuwa, ka ji tsoronsa. Mutumin ƙasarmu ba ya iya ganin fili ya bar shi, kuma fili ba ya noma kansa, wata rana za ka dubi Zigwai ka ce mako biyu kawai. Ɗaki biyu matsattse kusa da makarantar kirki ya fi ciki uku da falo a inda yaro zai yi iyo kafin ya yi karatu.

Haya a hannun ɗan ikilisiya ma ka yi tunani. Shekara uku rufin ɗakinmu yana yoyo a kan gadon mamarku, na kasa buɗe baki, domin mutumin da zan yi wa ƙorafi shi yake miƙo mini gurasar jibin Ubangiji a majami’a. Baƙo ka iya ce masa ya gyara ko ka tashi. Ɗan’uwa kuwa sai ka tara kwano a ƙarƙashin yoyon kana yi masa sannu da ƙoƙari.

Maganar zaman lafiya ban manta da ita ba, na san ita ce a ran Kasham, kuma tana da gaskiya. Ban ce ka rufe ido ka shiga ko’ina ba. Amma kada ka tsaya a tambayar su wane ne a unguwar. Ka samu tsofaffi biyu ko uku, daban-daban, ka tambaye su: ranar da gari ya rikice, me maƙwabta suka yi wa juna a layin nan? Akwai layin da aka tsare wa juna ƙofa, kowa ya san su. Ni na gudu cikin nawa don in tsira, kuma ba wanda ya taɓa mu, gaskiya ne. Amma a cikin nawa ɗin babu wanda ya taɓa tambayata me ya sa gashin ’yata yake jiƙe, sai mutumin da na baro.

Malam Garba ya rasu shekarun baya. Na je ta’aziyya na zauna a tabarma tare da jama’a, na ce Allah ya ji ƙansa, na tashi. Ban taɓa ce masa yana da gaskiya ba. Hajara kuwa yanzu ita ce shugabar wata makarantar firamare a can Kafanchan. Ka neme ta, ba wuya, ka ce kai ne ƙanin Rifkatu. Ta san kowace makaranta a garin ciki da waje, ta san layin da malamai suke kama haya, kuma inda malamai suke zama da iyalinsu da wuya ya yi tsada, da wuya kuma ya yi nisa da aji. Abin da ta gaya maka ya fi na dillali goma.

Kowace Kirsimeti kakan ba yara labarin yadda Yaya take goya ka a cikin ruwa, kana kama kunnuwanta kana cewa doki, doki. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni nakan tashi in ce zan duba awaki. Jiya da yamma ina zaune na ga Zigwai ta dawo daga rijiya, ta goya Didam saboda ya ce ƙaya ta soke shi, ga bokiti a hannu. Ba wanda ya sa ta. Yarinyar nan tana karanta mini littafin waƙoƙi ba tuntuɓe, lissafin cinikin uwarta ma ita take yi da ka. Idan ka kai ta ƙetaren rafi ba za ta yi ƙorafi ba, irinsu ba sa yi. Za ta cire kayan makaranta ta sa a leda, kai kuma ba za ka sani ba sai sakamako ya zo.

Ban hana ka gidan ba, kai ma uba ne yanzu. Wataƙila naka kwarin da gaske kwari ne. Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka biya sai ka je da yayarka ta gani da idonta. Duk ƙasar nan ba wanda ya fi ta sanin hanyar makaranta. In ta ce a’a, ka bar shi ko da kyauta ne.

Ita ce za ta kawo maka wannan takarda jibi, in ta kawo busasshiyar cittarta kasuwa. Ban liƙe ambulan ɗin ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Tafiyar mota daga nan zuwa Kafanchan ta isa mutum ya karanta ’yan shafukan nan, ko da a hankali yake karatu. Kullum tana zuwa ta dafa mini abinci tun rasuwar mamarku, kullum ina cewa yau zan faɗa mata, sai in buɗe baki in ce gishiri ya yi daidai.

Rifkatu, ’yata, in kin kai nan: kanki lafiyarsa ƙalau, tun farko ma ya fi na kowa a gidan nan. Na ga sharar a kan reshe. An yi mini tayin ɗaki dominki na ƙi. Abin da na faɗa a gaban baƙon nan ƙarya ne, ni ne ba ni da kai a shekarun nan. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba tukuna zan jira, ba inda za ni. Ki miƙa wa ƙaninki takardar, ki bi shi ki duba wa Zigwai hanya.

Ubangiji ya tsare ku a mota, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ya ba ka gida mai albarka, Habila, da maƙwabta masu tsoron Allah ko ta wace ƙofa suke shiga su yi masa sujada. Ya sa jikokina su riƙa isa aji da busassun kaya, kafin a rufe ƙofa. Salamar Almasihu ta kasance tare da ku duka. Amin.

Ni ne mahaifinku,
Ayuba